Tafiya Kanada a tsakiyar hunturu, wanda ya taɓa zama ƙasar ƙanƙara ya ba ni shawara

Mushe_Lissafi:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanku da warhaka. Ni malamin lissafi ne a wata lise nan Damagaram, shekarata shida ina koyarwa, huɗu a kwantiragi. Allah ya yi na samu wani shiri na malamai masu Faransanci a Kanada, garin Winnipeg, karatu kaɗan sannan a tura mu lakwal mu koyar. Da a watan tara zan tafi amma takardu suka yi ta jan ƙafa, yanzu biza ta fito an ce in sauka farkon Janairu, to jiya da dare na buɗe waya na duba yanayin garin na ga an rubuta 27 ƙasa da sifiri, wallahi jikina ya yi sanyi tun ban je ba. Ni da ko hunturunmu na nan da yake tsayawa a 14 ko 15 da asuba sai na ɗora bargo biyu, in na hau kabu-kabu zuwa lakwal da safe hawaye ke zuba.

Abin da nake son sani, kayan sanyi in saye su nan kasuwar Dole wajen ƴan gwanjo ko in bari sai na isa? Yaran can yaya suke da baƙon malami? Kuma tsohuwa ta riga ta ba da sautun kilishi na jikka ashirin ta ce in tafi da shi, an ce mini ba a shiga da nama, gaskiya ne? Wanda ya sani ya taimaka don Allah, saura sati biyar.

Ɗan Birni a Winnipeg:

Wa alaikumus salam Mushe, maraba da kai tun kafin ka iso, hunturuna na huɗu ke nan a garin. Ba zan ɓoye maka ba, cikin manyan garuruwan Kanada ka faɗo ɗaya daga cikin waɗanda suka fi sanyi, kuma a watan da ya fi kowane. Garin fili ne fetal ba dutse ba tudu, iska ke tasowa daga arewa ba abin da ke tare ta, shi ya sa in ka duba waya za ka ga lamba biyu, ta sanyin kansa da ta yadda jiki ke jin sa in an haɗa da iska, ta biyun ita za ka riƙa dubawa. Ana iya rubuta 25 ƙasa da sifiri amma jiki yana jin 38. In ta kai 40 fatar da ba a rufe ba cikin minti goma tana iya daskarewa, kunne da hanci da yatsu su ne na farko, kuma mugun abin ba zafi za ka ji ba, wurin ne kawai zai mutu ya yi fari, sai ka shiga ɗaki ya fara narkewa sannan za ka san ka yi ɓarna.

Maganar kaya, kar ka ɓata kuɗinka a Dole kana neman babban manto, abin da ke zuwa mana gwanjo yawanci na sanyin Faransa ne ko Maroko, nan ba ya aiki. Ka sayi abin da zai kai ka daga filin jirgi zuwa gida kawai, wato rigar sanyi mai kauri biyu, hular ulu mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa masu kauri, ka riƙe su a jakar hannu kar ka sa su a balis, don balis tana iya kwana a Kasabalanka ko Monreyal kai ka iso da riga ɗaya, ya faru da wani ɗan Maraɗi a gabana. In ka faɗa mini ranar sauka zan zo da manto na aro in tarye ka, washegari mu je shagon gwanjonsu na nan, su ma suna da shi kuma ba abin kunya ba ne, Turawa ma can suke saye. Abu ɗaya da ban yarda ka saya tsoho ba shi ne takalmi, ka sayi bot sabo mai gashi a ciki wanda ruwa ba ya shiga, ya ɗan fi ƙafarka girma don safa biyu ta shiga yatsu su motsa, takalmi in ya matse ƙafa sanyi ya fi kama ta. Dalar nan wajen sefa 400 ce, ba dalarmu ta gida ba ce, ka daina lissafi da jikka in kana sayen takalmin in ba haka ba ba za ka iya miƙa kuɗin ba.

Sannan dabarar ba riga ɗaya mai nauyi ba ce, hawa-hawa ake sawa, ta ciki mai kama jiki har da dogon wando na ciki, sai ta tsakiya, sai manto, saboda ko'ina ka shiga akwai shofaj, wato na'urar ɗumama wuri, bas da kilas da kanti duk wajen digiri 21, in ba ka iya tuɓe na sama ba sai ka yi zufa, ka fito zufar ta huce a jikinka, nan ne sanyi ke kama mutum.

Ranar farko da na fita tashar bas na ja numfashi na ji gashin hancina ya manne ƙam, na ɗauka wani ciwo ne. Na yi alwala na fito da jiƙaƙƙen gemu, kafin in kai bakin titi ya zama ƙanƙara yana ƙaras-ƙaras, ka san an ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, to a nan kar ka shafa. Waya kuma ka sa ta aljihun ciki kusa da jiki, sanyi na shanye batir, tawa ta taɓa mutuwa tana da 40 cikin ɗari ina tsaye ban san lambar bas ɗin da zan hau ba. Motoci ma za ka ga igiyar kuran na leƙowa daga gabansu, da dare ake jona su don kar injin ya daskare. Tafiya kan ƙanƙara kuma sai ta agwagwa, ƙananan taku, hannu a waje ba cikin aljihu ba, na sha ƙasa sau uku a satin farko, ɗaya gaban wasu ƴan mata.

Kilishi dai ka haƙura. Nama daga wajenmu ba ya shiga, akwai karnuka a filin jirgi masu shinshina kaya, in ka ɓoye aka gani tara ce mai nauyi kuma sunanka ya shiga littafinsu tun ranar farko. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, zoɓo, waɗannan ni an bar ni na wuce da su, amma duk abin ci da ka ɗauko ka faɗa musu da bakinka su duba. Ka taho da man kaɗanya mai yawa, iskar ɗaki busasshiya ce ta fi ta hunturun gida, faso da kaushi da haɓo duk za su dawo.

Na Kara-Kara:

Hahaha Mushe kai da ka sha zafin Afrilu 44 a kilas mai rufin kwano da yara 80 ba bantilater, kuran ya ɗauke famfo ya ƙafe ana bin ƴan garuwa, shi ne sanyi zai ba ka tsoro? Tafi kawai. In ka isa ka cika mana jarka da ƙanƙarar nan ka aiko, azumi na tafe. Kilishin kuma tunda ba ya shiga ka kawo shi fada mu rage maka nauyin kaya, taimako ne.

Maman Hanifa:

Ƙanena barka da arziki, Allah ya sanya alheri. Ni ƴar Zango ce, ina Otawa shekara bakwai, ina koyar da ƴan firamare a makarantar Faransanci. Ɗan Birni ya gama maka maganar kaya, ni kilas zan yi maka magana da wani abu da ba a cika faɗi ba.

Ka cire Mushe na Damagaram ka ajiye shi a filin jirgin Yamai. Can gida kana shiga kilas yara su miƙe, ka ɗaga murya a yi tsit, a nan yaro ɗan shekara tara zai dube ka cikin ido ya ce bai yarda da makin da ka ba shi ba ka yi masa bayani, kuma ba rashin kunya yake yi ba, haka aka tarbiyyantar da shi. Za su ce maka "tu", wato "kai" irin na tsara ba na girmamawa ba, wasu makarantun ma da sunanka na yanka za su kira ka su ɗora mushe a gaba. Bulala ba a ma zancenta, kai ko dafa kafaɗar yaro ka kiyaye, kar ka zauna da ɗalibi kai kaɗai ƙofa a rufe, kar ka ce wa yaro malalaci ko da wasa, da yamma saƙon uwarsa zai riga ka isa gida. Ni watan farko na ce wa wani yaro ya tsaya a bayan kilas don ya dame ni da surutu, washegari sai ga ni a buro ina bayani gaban darakta da iyayensa, na koma gida na yi kuka kamar ba ni ce na riƙe yara 70 a Mirya ba. Yanzu 24 gare ni kuma sun fi gajiyar da ni, don kowane ɗaya sai ka san matsalarsa ka rubuta.

Faransancin ma sai ka sake kunne. Abincin rana suke kira "dîner", na dare "souper", hula "tuque", mota "char", in suka yi sauri sati biyu na farko rabin maganar za ka ji. Su ma za su yi dariyar naka, ka yi dariyar tare da su, ka ce su koya maka. A Manitoba ma an ce mini yara da yawa Ingilishi suke yi da junansu da zarar an fita kilas, to ka ɗan goge Ingilishinka. Amma lissafinka zai cece ka, yaranmu da suka yi bak, jarrabawar gama lise, a gida sun fi ƙarfin lissafin kai, ranar da ka warware abu a allo ba kalkuleta za ka ga sun natsu.

Akwai kuma gadin rekreyasho. Yara suna fita wasa cikin ƙanƙara kullum sai in sanyin ya wuce wani mataki da hukuma ta sa, kuma malami ne ke tsayawa a kansu, su suna guje-guje suna zufa kai kana tsaye wuri ɗaya kamar turke. Takalmi biyu ake zuwa da su, na waje a tuɓe a bakin kilas, na ciki a sa.

Yanzu abin da ba a faɗi. Sanyi da kuɗi ake maganinsa, ka sayi manto ka gama. Duhu ne abin. A watan da za ka sauka rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, wajen biyar ta faɗi, ka fita gida cikin duhu ka dawo cikin duhu, titi shiru ba mai tallan ƙosai ba almajiri ba kiran salla, maƙwabcinka shekara guda ba ka san sunansa ba. Mu da muka saba in an yi la'asar a shimfiɗa tabarma ƙofar gida, kowa ya wuce sai ya ce ina wuni ina gajiya. Hunturuna na farko ban san abin da ke damuna ba, barci kawai nake ji, abinci ba daɗi, abu kaɗan hawaye, na ɗauka ko sammu ne wallahi, sai da likita ta auna jinina ta ce bitamin D ya yi ƙasa, ta ce masu baƙar fata sun fi fama da shi don ranar hunturu ba ta da ƙarfi, ta ba ni ƙwayoyi ta ce kuma in riƙa fita da tsakar rana ko minti ashirin ne. Ka nemi mutane da gangan, kar ka jira su neme ka. Juma'a kar ta wuce ka ko da bas biyu za ka hau. Kuma ka sani tsakaninka da gida awa bakwai ne a hunturu, kana tashi daga lakwal uku da rabi can goma da rabi na dare tsohuwa ta kwanta, to ku tsayar da lokaci tun yanzu, ko da asubarka kafin ka fita, lokacin su sun yi azahar.

Na ƙarshe, kar ka kunna gawayi a ɗaki ko don shayi ko don ɗumi, ɗakunan nan a toshe suke ruf iska ba ta shiga, hayaƙinsa ba ya wari yana kashe mutum cikin barci. Turaren wuta ma ka yi hankali, ni na sa kasko ranar wata Asabar don in ji ƙanshin gida, ƙararrawar gobara ta ɗauka, duk benen aka fito waje cikin dusar ƙanƙara har da wata tsohuwa da kyanwarta a hannu, ƴan kwana-kwana suka zo da mota biyu suka tarar da ni da kasko.

Tsohon Mosko:

Ɗana Mushe, jikana ne ya nuna mini wannan magana ya ce in sa baki. Ni a 1984 gwamnati ta tura mu Tarayyar Sobiyet karatu, shekara ɗaya muna koyon Rashanci sannan Mosko, na dawo na koyar da fizik har na yi ritaya. Mu a zamaninmu da saukarmu aka kai mu kanti aka saya mana manto da hular gashi mai kunnuwa, duk iri ɗaya, in ka hango baƙi goma a titi sai ka ce ƴan gida ɗaya. Janairun 1987 sanyi ya wuce 30 ƙasa da sifiri, tagogi da takarda da auduga muke liƙe su, nama da madara a raga muke ratayewa bayan taga, shi ne firijinmu. Wasiƙa kuwa in na rubuta wa mahaifiyata sai ta yi sati uku ko wata kafin ta isa Damagaram, a nemi mai karanta mata, amsa ta sake wata. Ku yanzu kuna ganin fuskar juna a waya, ban ga abin kuka ba, ko da yake abin da Hajiya ta faɗa na duhu gaskiya ne, mun ga waɗanda ya kai su ga kwalba, yara masu hankali ƴan gidan malamai, wai suna ɗumama jiki. Giya ba ta ɗumama kowa, jin ɗumin take sa ka alhali zafin jikinka na fita. Shayi ka riƙe.

Abin da zan ƙara shi ne kar ka zauna ɗaki kana jiran bazara, bazara tana da nisa, can sai Afrilu ƙanƙara ke narkewa. Ka yi tafiya. Mu da hutun tsakiyar shekara mukan hau jirgin ƙasa na dare daga Mosko zuwa Leningrad, mu kwana muna shan shayi a kofin gilashi mai mariƙin ƙarfe, gari ya waye mu ga kogi ya daskare mutane na tafiya a kansa suna huda rami suna kamun kifi. Ni ɗan Damagaram da ruwan sha ma sai an yi layi, ga ruwa ya zama dutse ina takawa. Har yau ina ba jikoki labari ba su yarda ba.

Salla kuma ka lura, azahar da la'asar da magariba a hunturu kusa-kusa suke zuwa, duk cikin awa huɗu, kana kilas za su wuce ka in ba ka shirya ba, ka nemi wani ɗan lungu a lakwal tun ranar farko, ka roƙa da ladabi. Ka sayi huffi na fata wajen dukawa kafin ka tafi, ka je wajen malaminku ya karanta maka hukuncin shafa a kansa. Azumi shekarun nan yana faɗowa cikin sanyi, wannan kam garaɓasa ce, yini gajere ba ƙishirwa.

Ɗan Birni a Winnipeg:

Baba ya yi gaskiya, nan ma kogunanmu biyu Red da Assiniboine daskarewa suke, a inda suka haɗu tsakiyar gari ake share hanya a kan ƙanƙarar mutane na yawo da sulu. Unguwar masu Faransanci Saint-Boniface tana tsallaken kogin, a watan Fabrairu suna bikinsu na Festival du Voyageur, ana sassaƙa gumaka da dusar ƙanƙara, yaran lakwal ɗinka ma da wuya ba a kai su ba kai ne ɗan rakiya. Babban masallaci yana titin Waverley, akwai ƴan Nijeriya da ƴan Sudan da Somaliya, ƴan Nijar dai ba mu da yawa amma muna haɗuwa ranar Lahadi, ina da butar shayi da kofuna uku da na taho da su daga gida, a kan kuran muke dafawa ba gawayi ba Hajiya kar ki damu. Amma tafiya garuruwan nesa ka bari sai ka zauna, ƙasar nan faɗi gare ta, daga Toronto zuwa nan a jirgin ƙasa kwana ɗaya da rabi ne, kuma in guguwar ƙanƙara ta taso rufe hanya ake yi, jirgin sama ma a soke. In za ka yanki biye ka bar awanni masu yawa tsakanin jirgi da jirgi a Monreyal, kar ka yi ƙoƙarin awa biyu, layin shige da fice kaɗai zai cinye su.

Mushe_Lissafi:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba na gode ƙwarai, gobe in sha Allahu zan shiga wajen dukawa maganar huffin. Yaya Maman Hanifa maganarki ta kilas ta fi sanyin tayar mini da hankali gaskiya, yau ma sai da na kori yara uku waje, zan fara gwada haƙuri da waɗannan kafin in je ga na can. Ɗan Birni na turo maka lambata ta akwatin saƙo, takalmina 43 ne, manton aron ya zama mai tsawo don ni dogo ne.

Saura tsohuwa. Na je na yi mata bayanin karnuka da tara, ta ce ita ba ta taɓa jin ƙasar da ake hana mutum guzuri ba, kuma mai kilishi ya riga ya karɓi kuɗi. Mun daidaita zan ci abin da na iya a kar daga nan zuwa Yamai, kilomita 900 ai ba kaɗan ba ne, sauran na ƴan fada ne, Na Kara-Kara ka ci nasara. Yanzu kuma ta koma kan daddawa da ƙuli-ƙuli, ta ce waɗannan ai ba nama ba ne, Ɗan Birni su ana barin su wuce ko su ma karen zai kama ni?